Goggo Traudel da Katin Harajin Mijinta

A garinmu mace ba ta cewa tana aiki. Cewa take tana zuwa ɗinki, kamar yadda wata za ta ce tana zuwa rafi. Goggo Traudel, ƙanwar mahaifina, ta fara zuwa ɗinki tana 'yar shekara goma sha huɗu, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, kuma masana'anta ɗaya ta riƙe har furfura ta cika mata kai. Singileti suke ɗinkawa da kamfai na maza. A wancan zamanin kusan kowane layi na garin yana da irin wannan gidan ɗinki. In ka bi titi da hantsi lokacin zafi, tagogi a buɗe, ƙarar kekunan ɗinki kake ji ta ko'ina kamar zuma ta yi taro a kogon itace. Yau an mayar da yawancin gine-ginen gidajen haya, sauran kuma tantabaru ne ke kwana a ciki.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya da saurin magana. Kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu saboda shekarun da ta yi tana tura yadi ƙarƙashin allura. Aikin jinga ne, iya abin da ka ɗinka iya abin da za a biya ka, don haka ba ta taɓa koyon zama hannu sake ba. Ko a coci yatsunta suna motsi a kan cinyarta. Kuma duk namijin da ta kalla sau ɗaya, ta san lambar singiletinsa. Ta taɓa raɗa mini ana tsakiyar wa'azi: "Faston nan bakwai ne, amma matarsa shida take saya masa. Shi ya sa ba ya jan huɗuba."

Mijinta, Kawu Eugen, maƙeri ne a wata masana'anta da ke ƙasan gari, inda ake ƙera sassan injinan saƙa. Dogo ne, ba ya son magana sai in zolaya ce. Da hannunsu suka gina gidansu, shi yana kwaɓa siminti bayan an tashi aiki, ita tana miƙa masa bulo. Ɗansu ɗaya tilo ya tafi birnin Stuttgart ya yi aure can. Suna da wata al'ada ta ƙarshen wata: kowa ya kawo takardar albashinsa ya ajiye a teburin kicin kusa da kwandon burodi. Kawu Eugen yakan sa tabarau, ya dubi layin ƙasa na tasa, ya dubi na tata, sannan ya ce, "To, ga nama, ga gishiri." Ita kuma ta ce, "Ci naman ba gishiri mana mu gani." Haka suka yi shekara talatin, ba wanda ya gaji.

Ni na dawo gida a kakar 1992, bayan dogon zama a Kanada wajen karatu. Iyayena sun riga sun sayar da gidanmu sun koma wajen yayana, sai Goggo ta ba ni ɗakin sama kafin in sami abin yi. Ban yi wata guda ba katunan haraji suka iso.

Duk kaka hukumar gari takan aiko wa kowane ma'aikaci katinsa na shekara mai zuwa, ɗan kwali mai kauri, launinsa yana canzawa shekara-shekara. Na bana ja ne. Na tarar da Goggo a tsaye a kicin, ko kwat ɗinta ba ta cire ba, ta jera katunan biyu a kan tebur tana kallonsu kamar ba ta taɓa ganin irinsu ba.

"Ke 'yar Kanada, zo nan. Me kika gani?"

"Katinki da na Kawu."

"Lambar nake tambaya."

"Nasa uku, naki biyar."

"Kin san ma'anarsu, ko can an wanke miki kai?"

Na ce na tuna sama-sama. Ta ja kujera ta zauna, ta yi mini bayani da yatsa a kan kwalin. Lambar ita ce rukunin mutum, ita ke gaya wa ofishin albashi nawa za a yanke na haraji kafin kuɗi ya iso hannu. Ma'aurata sukan raba: ɗaya ya ɗauki rukuni na uku a yanke masa kaɗan, ɗayan ya ɗauki na biyar a yanke masa har ƙashi. Mai babban albashi shi ke ɗaukar uku, wato miji, a kowane gida na garin nan. In shekara ta ƙare ofishin haraji ya haɗa na mutum biyun ya yi lissafi, abin da aka yanka fiye da ƙima a mayar musu.

"Kin ga kenan, ko an juya katunan, a ƙarshe gida bai yi asarar komai ba. Jira ne kawai. Sai a sha wuya wata-wata, rarar ta dawo a dunƙule."

"To me zai sa a juya?"

Ta cire ɗankwalinta ta ninke.

"Za a rufe mu," ta ce. "Ba a faɗa ba, amma an daina sayo zare mai yawa. Wanda ya yi shekara arba'in da biyu a gida ya san ƙarar tukunyarsa."

Nermin ce ta buɗe mata ido. Nermin ita ce ke zaune a keken da ke kusa da nata, tun tana budurwa iyayenta suka zo da ita daga Turkiyya, kuma shekara ashirin suna raba burodin rana ɗaya. An rufe gidan ɗinkin da yayar Nermin ke aiki a garin da ke gaba da mu. Da matan suka je ofishin ƙwadago neman kuɗin rashin aiki, sai suka tarar ana auna shi ne da abin da ke ragewa bayan an yanke haraji, kuma rukunin da ke kan katin mutum a farkon shekara shi ake bi. Duk masu biyar suka fito da abin da ba zai ciyar da kyanwa ba. Yayar Nermin yanzu gogen matakalan benaye take yi a gidajen mutane.

Shekarun Goggo hamsin da shida a lokacin, fansho kuwa sai ta cika sittin. Babu mai ɗaukar tela mai shekarunta, balle ana rufe gidajen ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. In kuɗin ya fito da ɗan kauri, za ta lallaɓa har sittin. In na biyar ne, sai dai ita ma ta ɗauki bokiti da tsumma.

"In durƙusa a ƙofar matar da nake zama benci ɗaya da ita a coci," ta ce, "tana tsallaka ni tana ce mini sannu da aiki. Gara in ci dankali gaya."

Juya katunan ba wuya, matuƙar an yi kafin sabuwar shekara. A kai su biyun tare ofishin magajin gari, miji da mata su sa hannu. Abin da ya rage mata kenan, hannun Kawu Eugen.

Ta bari sai da ya ci ya ƙoshi. Taliyar hannu ta yi masa, wadda take kankarewa daga kan katako cikin tafasasshen ruwa, da ƙananan wake da tsiran nama biyu. Ya saurare ta har ƙarshe yana goge faranti da burodi.

"Ni in koma biyar?"

"Shekara ɗaya tak."

"Traudel, a duk masana'antarmu kin san wa ke kan biyar? Mai shara. Ita ma don mijinta direban jirgin ƙasa ne."

"To sai ku zama ku biyu, ka sami abokiyar hira."

"Wa ma ya ce za a rufe ku? Tun ina da gashi nake jin za a rufe ku."

"Nermin ta ce..."

"Nermin! Nermin ce gwamnati yanzu?"

"Kuɗin fa ba ɓata zai yi ba, Eugen. Za su dawo da shi."

"Za su dawo da shi bayan shekara ɗaya da rabi, ba ko sisin riba. Ni in ba gwamnati rance kyauta? Ubana zai juya a kabari." Ya ture farantin. "Kuma ji nan. Mu ma ba lafiya muke ba. In ba ku ɗinki, wa zai saƙa yadi, balle ya sayi sassan injin saƙa? Ana maganar rage mana ranakun aiki bayan hunturu. Kuɗin cikon da ake ba mu na ranakun da muka zauna a gida, da me kike tsammani ake auna shi? Da katin nan dai. Bargo ɗaya ne, tsohuwa, kuma gajere. In kin ja kin rufe kanki, ƙafata a waje."

Gaskiya ya faɗa. Ta tashi ta kwashe kwanuka. Washegari da safe katinsa ba ya kan tebur. Ya sa shi a aljihu ya kai ofishin albashinsu tun watan Nuwamba bai shiga ba, shi da kullum sai an yi ta tuna masa. Ya yi haka ne don magana ta mutu.

Goggo ba ta yi faɗa ba. Ranar Lahadi, ranar da gidan ba ya rasa gasasshen nama tun da aka gina shi, ta ajiye dankali da kabeji a tebur.

Kawu Eugen ya ɗaga murfin tukunya ya leƙa, ya ɗaga ɗayan.

"Naman fa?"

"Gwaji muke yi."

"Gwajin me?"

"Na baɗi. Gara ciki ya saba tun yanzu."

Ya dube ni. "Malama, ke da kika yi karatu, a can ma haka suke wa mazansu?"

Na ce a can mazan ne ke girki. Ya ce shi ya sa ƙasar ba ta da mutane.

Haka Nuwamba ta wuce da kabeji. Ya ci bai ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ƙara tayar da maganar kati ba. Gaisuwa suna yi, zolaya ce dai ta ɗauke, gidan ya yi wani irin shiru.

Cikin makon farko na Disamba aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, tun tsakar rana take zuba, motar hayar da Goggo ke dawowa a ciki ta kasa hawo tudun unguwarmu. Kawu Eugen ya dawo da wuri, ya tsaya a taga yana duban hanya, can ya ce in sa takalmi mu je mu ɗauko ta, ko mota ta kafe in tura. A hanya ya gaya mini, kamar abin da bai dame shi ba, cewa bai taɓa shiga wajen aikinta ba. Iyakarsa bakin ƙofa. Ranar nan sanyi ya hana mu jira a waje, mai gadi ya ce mu hau sama.

Zaure ne dogo, fitilu a rataye ƙasa-ƙasa, ƙurar auduga tana yawo cikin haske. Rabin kekunan an riga an lulluɓe su. A sauran mata ne a sunkuye, ba mai ɗaga kai. Mun hango Goggo a layi na biyu kusa da taga. Ni kaina ban taɓa ganin ta a bakin aiki ba. Hannun hagu ya ɗauko, na dama ya tura, ƙafa ta danna, singileti ya faɗa kwando, kafin ya gama faɗuwa wani ya shiga ƙarƙashin allura. Matar da na sani da surutu, a nan ko leɓenta ba ya motsi.

Ɗan mai masana'antar yana zagawa da wasu baƙi biyu cikin manyan kwat, suna magana da wani harshe na gabas. Ɗaya yana riƙe da alli. Duk keken da suka tsaya a kai, sai ya sunkuya ya duba ƙasansa, ya saurari ƙararsa, ya rubuta lamba a gefen teburin. Suka iso kan Goggo. Inda zai rubuta, gwiwar hannunta na wajen. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma tsayar da keken ba, don tsayawa asara ce ga mai aikin jinga. Ta ɗaga gwiwar hannun kawai, ya rubuta lambarsa, ta mayar, ta ci gaba da ɗinki.

Kawu Eugen ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Maƙeri ne, ya san abin da alli yake nufi a jikin inji: za a sayar da shi. Muka tsaya a nan har aka buga ƙararrawar tashi.

Muka ɗauko har da Nermin, tunda hanyarmu ɗaya. Ta shiga baya kusa da ni tana karkaɗe ƙanƙara daga mayafinta.

"Yau wace rana! Traudel, ashe kina da miji? Ni na ɗauka hoto ne kawai a jakarki."

"Aro na yi," in ji Goggo.

"To a mayar da shi da wuri, kada a caje ki."

Kawu Eugen yana tuƙi a hankali, fuskarsa kusa da gilashi. Sai da muka wuce coci ya yi magana, ba tare da ya waiwayo ba.

"Nermin, yayar nan taki. Benaye nawa take gogewa?"

"Duk wanda aka ba ta, Malam Eugen. Gwiwoyinta sun kumbura kamar burodi."

Da muka isa gida Kawu Eugen ya tsaya share ƙanƙarar ƙofa, ya daɗe a waje fiye da yadda aikin yake bukata.

Washegari ya je ya karɓo katinsa daga ofishin albashinsu. Wannan shi ne abin da ya fi masa ciwo, kuma shekaru bayan haka shi da kansa yake ba da labarin yana kwaikwayon muryar matar ofishin albashi. Mace ce da ba a taɓa jin sirri ya kwana a bakinta ba. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Katinka? Kai da ka riga kowa kawowa? Lafiya dai gidan?" Domin a saninta, magidanci ba ya karɓar katinsa sai in matarsa ta mutu ko ta gudu. Ya ce lafiya lau, gyara za a yi. Ta ce wane irin gyara? Ya ce irin wanda ba a ofishinta ake yi ba. Kafin a tashi cin abincin rana, rabin masana'antar sun ji cewa Traudel ta haɗa kayanta.

Ranar Alhamis suka tafi ofishin magajin gari, ranar da ake buɗewa har yamma. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ita ta sa hular coci. Na raka su don ina da takardar da zan karɓa. Har yanzu ina jin warin wajen, man goge katako da jiƙaƙƙun kwat, da ƙarar hatimi daga ɗaki zuwa ɗaki. Yanzu babu katin ma sam, komai yana cikin na'ura, ba wanda zai sa kayan jana'iza don canza lamba.

Ma'aikacin ɗan ajin ɗansu ne, ya san su tun yana yaro. Ya karɓi katunan ya karanta takardar, ya sake karantawa.

"Baba Eugen, ina ga an yi kuskure. An rubuta kai ne biyar."

"Na iya karatu."

"Ka san abin da za a yanke maka kuwa? Akwai na huɗu fa, ku biyun ku ɗauka, ku raba daidai. Ya fi sauƙi."

Kawu Eugen ya dubi Goggo. Na ga tana shirin cewa to, a yi hakan. Ya riga ta.

"Yaro, in za ka yi aski, yi shi duka. Buga."

Ya soke uku ya rubuta biyar, ya soke biyar ya rubuta uku, ya buga hatimi a kowanne. A bakin ƙofa Goggo ta gyara wa mijinta wuyan kwat, duk da ba abin da ya same shi. Ranar Lahadin nan nama ya dawo.

Ƙarshen Janairu takardun albashi suka hau tebur. Ya sa tabarau, ya dubi tasa, ya daɗe, ya juya bayanta ko akwai ci gaba. Sannan ya dubi tata. Karo na farko tun aurensu, layin ƙasa na tata ya fi nasa. Goggo ta karɓa ta riƙe da hannu biyu. Ta san lissafin tun kafin ya zo, amma gani daban ne.

"Ashe haka nake," ta ce a hankali.

"Kada ki saba," in ji shi.

A mashayar da yake zuwa karta duk ranar Juma'a kuwa, abokansa sun sami abin yi har hunturu ya fita. Yana shiga za a ce, "A matsa wa amarya!" Wani ya tambaye shi ko uwar gida ta ba shi kuɗin giya ko a yi masa karo-karo. Wani ya kawo masa rigar girki irin ta mata a naɗe cikin takardar kyauta. Ya karɓa ya gode, ya ce daman tasa ta tsufa. Ya rage giyarsa daga biyu zuwa ɗaya, ya daina fita da mota sai Lahadi, ya riƙa kashe hita a ɗakin zama da wuri. Gidan da aka saba ajiye wani abu duk wata, yanzu sai a kai ƙarshen wata da ƙyar.

Sai abin da ya faɗa ya faru. Cikin Afrilu aka rage musu aiki zuwa kwana uku a mako, kuɗin cikon kuma aka auna shi da katinsa na biyar, ya fito ɗan mitsitsi. Gidan ɗinkin Goggo kuwa yana nan yana aiki. An kwashe kekunan da aka lulluɓe, amma wata oda ta shigo daga wani babban kanti, har ana cewa wataƙila a tsira. Kwana biyu a mako Kawu Eugen yana gida, yana gyara abin da bai lalace ba. Ita ta fita da safe ta bar shi a kicin da jarida.

Abin ya dame ta fiye da shi. Wata Talata da yamma ta dawo ta same shi a lambu yana ɗaure rassan itacen tuffa, ni ina riƙe masa tsani. Ta tsaya da jakarta a hannu.

"Eugen, sauko mu yi magana."

"Ina ji daga nan."

"Na tambaya. An yarda a canza sau ɗaya a tsakiyar shekara. Mu je Alhamis mu mayar da kai uku."

"In an mayar, naki fa?"

"Nawa ya koma yadda yake. Wataƙila ma ba za a rufe ba. Kai ne ka yi gaskiya, ni na ja mu cikin wannan."

"Maimaita, ban ji ba. Malama, ke shaida ce, ta ce na yi gaskiya."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Da gaske nake."

Ya gama ɗaurin da yake yi, ya yanke igiyar, sannan ya sauko mataki biyu ya tsaya.

"An goge allin?"

"Wane alli?"

"Na jikin kekenki."

Ta gyara riƙon jakarta. "Yana nan."

"To." Ya koma sama. "Kuma ni an riga an yi mini dariya, na biya kuɗinta cif. In na je na karɓo katin nan karo na biyu, matar can za ta ce kin dawo ne. Sabuwar dariya kenan. Ba ni da kuɗin biyu."

"Taurin kai kamar jakin dutse."

"Wajen wa na koya? Je ki ɗora ruwa, hannuna ya daskare."

Ta juya ta shiga gida da sauri. Ta tagar kicin na ga ta buɗe famfo ta tsaya a gabansa, butar tana gefe ba ta ɗauka ba.

Rarar harajin ta dawo kamar yadda ta ce, a tsakiyar shekarar da ta biyo, a dunƙule, kuma da kauri. Amma abin da ya rasa na ranakun zaman gida ba haraji ba ne, ba wanda ya mayar masa. Ya sani tun yana kan tsanin.

Odar babban kantin ta ƙare da ƙarewar zafi. Ƙarshen Satumba aka tara matan a zauren aka karanta musu abin da kowa ya riga ya sani. Ranar ƙarshe kowace ta share kekenta, ta zuba masa mai, kamar gobe za ta dawo. Goggo ta fito da almakashinta da matashin da take zama a kai. Mata da yawa a layinta sun ji shawarar Nermin tun bara, kaɗan ne mazansu suka sa hannu.

Bayan 'yan makonni aka kira ta ofishin ƙwadago a babban gari. Ta ƙi a raka ta, ta hau motar haya ita kaɗai. Ranar tana cikin ranakun zaman gidan Kawu Eugen. Tun azahar ya fito da tsintsiya yana share ganyen ƙofar gida, ya share namu, ya share na maƙwabta, yana ɗaga kai duk lokacin da mota ta tsaya a ƙasan layi.

La'asar sakaliya ta hawo tudun da ɗan saurinta. Ta wuce shi ta shiga kicin, ta zauna, ta cire takalmi tana murza ƙafa. Ya biyo ta da tsintsiyar a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"To?"

"Mutane maƙil. Na ga rabin layinmu a can."

"Traudel."

"Da uku suka auna."

"Zai isa?"

"Zai isa."

"Har sittin?"

"Har sittin, in ban koyi shan taba ba."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi tsintsiyar kamar bai san yadda ta zo hannunsa ba, ya jingina ta a bango, ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Da safe fa," ya ce, "ranakun da nake gida, jaridar tawa ce. Ni nake fara karantawa."

"Za mu gani," in ji Goggo.